Kafin a danna amincewa: yadda ake bincike da tsara manhajar kula da haɗarin kuɗi

Ranar 11 ga Agusta 2020, ma'aikatan Citibank suka yi niyyar tura kuɗin ruwa kusan dala miliyan 7.8 ga waɗanda ke bin kamfanin Revlon bashi. Abin da ya fita daga bankin ya kusa dala miliyan 900. Mutum uku ne suka duba aikin ɗaya bayan ɗaya, duka ukun kuma suka amince. Allon manhajar yana buƙatar a cike gurabe uku kafin uwar kuɗin, wato ainihin bashin, ta tsaya a cikin banki, su kuwa suka ɗauka gurbi ɗayan nan mai ɗauke da sunan uwar kuɗi ya wadatar. Gargaɗin da ya fito kafin turawa ya ce kuɗi za su bar banki, amma bai faɗi ko nawa ba ne. Wasu daga cikin masu bin bashin suka mayar, wasu suka riƙe kusan dala miliyan 500, aka shiga shari'a, sai a 2022 kotun ɗaukaka ƙara ta ba bankin gaskiya. Ma'aikatan sun yi kuskure, babu musu, amma in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

A nan Abuja kuɗin ba su kai haka yawa ba, sai dai asararsu ta fi ciwo, domin na mai shago ne a Wuse da na malamar makaranta a Kubwa. Ƙananan bankuna, ƙungiyoyin gama kai na ma'aikatan gwamnati da kamfanonin ba da rance ta waya duk suna neman wanda zai gina musu manhajar sa ido kan bashi da zamba, kuma matasanmu masu zanen manhaja sun fara samun irin wannan kwangila. Su nake yi wa wannan rubutu. Abin da nake so su riƙe shi ne, a kowane ofishi akwai lokacin da wani mutum zai ce e ko a'a a kan kuɗin jama'a. Aikin mai bincike da zane shi ne ya gano wannan lokaci, ya tabbatar gaskiyar al'amari tana gaban idon mutumin a daidai wannan daƙiƙa.

Mataki na farko: rubuta hukunce-hukuncen, ba jerin abubuwan da oga ke so ba

A zaman farko manajan darakta zai ce yana son allo mai jadawali kala-kala wanda zai nuna wa hukumar gudanarwa. Ka rubuta, ka yi godiya, sannan ka tambaye shi: “Ranka ya daɗe, a cikin mako guda wane ne ke sa hannu a kan me?” Daga amsarsa za ka fitar da mutanen da za ka yi wa aiki. Jami'in rance yana yanke ko ya kawo takardar wane gaban kwamiti. Manajan reshe yana amincewa da rance zuwa wani adadi, abin da ya haura ya tura hedikwata. Jami'in kula da haɗari yana duba ko bashi ya taru da yawa a hannun mutum ɗaya ko kasuwa ɗaya. Jami'in bin ƙa'ida yana yanke ko wata hada-hada ta cancanci a kai rahotonta. Odita yana zuwa daga baya ya tambayi wa ya yi me, kuma yaushe. A bayansu duka akwai masu binciken Babban Banki da na NDIC, hukumar inshorar ajiyar banki, waɗanda ba za su zauna da kai ba, amma tambayoyinsu ne ke hana kowa barci a ofishin.

Ga kowane hukunci ka rubuta abu huɗu a takarda ɗaya: wa ke yanke shi, me yake dubawa kafin ya yanke, minti nawa yake da su, da abin da zai biyo baya in ya yi kuskure. Wannan takarda ita ce ma'auninka har ƙarshen aiki.

Mataki na biyu: koyi ƙa'idojin da ke kansu

Ba a ce ka zama akanta ba, amma wanda bai san lambobin da ma'aikaci ke tsoro ba, ba zai gane abin da yake gani a allonsa ba. Bankunan kasuwanci a Najeriya dole su riƙe kadarori masu saurin komawa tsabar kuɗi da ba su gaza kashi 30 cikin ɗari na ajiyar jama'a ba. Ma'aunin isar jari, wato yawan jarin banki idan aka gwada shi da rance da sauran kadarorinsa masu haɗari, aƙalla kashi 10 ne, kashi 15 ga masu lasisin ƙasa da ƙasa. Bashin da ya ƙi biyuwa ana son kada ya haura kashi 5 na dukan rance, kuma bankin kasuwanci ba ya bai wa mutum ɗaya abin da ya wuce kashi 20 na jarin masu hannun jari. Tun 1 ga Janairu 2018 ake aiki da ƙa'idar lissafi ta IFRS 9, wadda ke kasa bashi mataki uku: lafiyayye, wanda haɗarinsa ya ƙaru sosai, da wanda ya lalace. Jinkirin kwana 30 da na kwana 90 su ne iyakokin da aka fi dubawa. Ƙananan bankuna suna da nasu kundin daban, saboda haka ka nemi jami'in bin ƙa'ida ya ba ka wanda ya shafi ofishinsu, da takardun umarnin da suka biyo baya.

Ta ɓangaren hana halatta kuɗin haram, dokar 2022 ta ce a sanar da NFIU, hukumar tattara bayanan sirri kan harkar kuɗi, hada-hadar da ta haura naira miliyan 5 ga mutum ɗaya ko miliyan 10 ga kamfani cikin kwana 7, wadda ake zargi kuwa cikin awa 24. Dokar ta hana a tsegunta wa mai asusu cewa an kai rahotonsa. Wannan kaɗai ya isa ya canza zanenka: allon kashiya, wanda mai ajiya zai iya leƙowa ta saman kanta, bai kamata ya nuna irin wannan alama ba.

Duk waɗannan iyakoki ka sa su inda mai izini zai iya gyarawa, kada a binne su a cikin rubutun manhaja. Wanda ya ga yadda Babban Banki ya haɗe kasuwannin canji a Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 zuwa sama da 1,000 a farkon 2024, ya san lamba a ƙasar nan ba ta da alƙawari.

In bankin marar kuɗin ruwa ne, kamar tsarin da Jaiz ya fara da shi a 2012, kada ka ɗauko allon bankin ruwa ka sauya masa suna. A murabaha, wato cinikin da banki ke sayen kaya ya sayar wa mai nema da riba sananniya, akwai kayan da banki ya saya, farashin saye, ribar da aka amince da ita, da ranar da kayan suka shiga hannun banki kafin a sayar wa mai nema. Tarar jinkiri, inda ake karɓarta, sadaka ake yi da ita, ba ta shiga ribar banki. Kowanne daga cikinsu yana son gurbinsa.

Mataki na uku: izini

Kafin ka zauna kusa da kowa, a rubuta maka izini, kai ma ka sa hannu a yarjejeniyar riƙe sirri. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 tana aiki a kanka kamar yadda take aiki a kan banki. Ba ka ɗaukar hoton allo, ba ka kwafar suna ko BVN ko lambar asusu a littafinka. Abin da ka gani ka zana shi da hannu, da sunayen ƙirƙira.

Mataki na huɗu: zauna inda ake aikin

Nan ne mafi yawan aikin yake, kuma nan ne aka fi yin ha'inci. Taro a ɗakin sanyi da manajoji ba bincike ba ne. Abin da za su gaya maka shi ne yadda aka rubuta a kundin aiki. Yadda ake yi a zahiri yana teburin ƙaramin ma'aikaci, kuma ba za ka gan shi da kyau ba sai a kwanaki ukun ƙarshen wata da na farkon sabo, lokacin da ake rufe littafi, ana haɗa rahoton Babban Banki, janareta na ta ruri, kowa ido ya yi ja. Ka roƙi a ba ka kujera a waɗannan kwanaki.

Ka fara da cire wa mutum tsoro. Baƙo da littafi a gefen teburi, a idon ma'aikacin banki, odita ne. Ka gaya masa a fili: “Malam, ba aikinka na zo dubawa ba, manhajar na zo dubawa, kuma abin da ka faɗa ba zai je wa oga da sunanka ba.” Sannan ka cika wannan alƙawari. In manaja ya ja kujera zai zauna tare da ku, ka nemi alfarma cikin ladabi ya ba ku wuri, domin a gabansa amsa ɗaya za ka ji: komai lafiya.

Kada ka tambayi mutum me yake so a sa masa. Ka ce ya nuna maka na ƙarshe da ya yi. “Hajiya, rancen da kika ƙi amincewa da shi kwanan nan, buɗe min ki nuna min inda kika fara dubawa.” In ta tsallake wani gurbi da sauri, ka bari ta gama, sannan ka tambayi dalili. In ta ɗauko waya ta kira wani, ka rubuta wa ta kira da abin da ta tambaya, domin wannan bayani ne da manhajar ta kasa ba ta. Takardun da aka liƙa a gefen kwamfuta, ƙaramin kalkuleta, rukunin WhatsApp da ake tura hoton rasit, duk shaidu ne.

Babbar shaida kuwa ita ce Excel. A irin waɗannan ofisoshi da wuya ka rasa wani fayil da mutum ɗaya ya gina da hannunsa, shi kaɗai ya san cikinsa, kuma a kansa rahoton wata ya dogara. Kada ka raina shi, kada kuma ka yi gaggawar cewa za ka kashe shi. Ka roƙi mai shi ya bi da kai shafi-shafi. Tsarin ginshiƙansa shi ne tsarin tunanin mai aikin, launukan da ya shafa su ne abubuwan da ke damunsa. Haɗarin da ke cikinsa ma gaskiya ne: bayan bankin JPMorgan ya yi asarar sama da dala biliyan 6 a 2012, binciken cikin gida ya gano cewa ma'aunin haɗarin yana tafiya ne ta shafukan Excel da ake kwafa da hannu, kuma a wani wuri an raba lamba da jimla maimakon matsakaici. Manhajarka za ta ɗauke kwafar hannu, amma ta bar wa mutumin tsarin da ya saba da shi.

Bayan ofis, ka bi jami'in rance kasuwa. Ku je Dei-Dei wurin masu katako da kayan gini, ku je Karu ko Utako. A can za ka ga rubutu mai launin toka ba ya karantuwa a tsakar rana, sabis yana ɗaukewa a cikin layin shaguna, kuma jami'in yana riƙe da waya da hannu ɗaya yana gaisawa da ɗayan. Za ka ji yana magana da Alhaji da Hausa, da maƙwabcinsa da Turancin buroka, yana cike fom da Turanci. Za ka kuma ji abin da babu shi a kowane jadawali: ciniki yana tashi gab da sallah, biyan bashi yana ja baya a Satumba saboda kuɗin makaranta, kuɗin hayar shago na shekara yana cinye jarin mutum a wata ɗaya, kuma gobara ɗaya ko rusau ɗaya na iya taɓa masu bashi da yawa lokaci guda in duk a layi ɗaya suke. Daga nan za ka fahimci dalilin da ya sa allon jami'in haɗari yake buƙatar tace bashi bisa kasuwa da sana'a, ba bisa reshe kaɗai ba.

Mutum biyar ko shida a kowane matsayi sun isa a zagayen farko. In ka fara jin maimaici, ka tsaya.

Mataki na biyar: tace abin da ka tara

A ranar da ka yi hira a ranar za ka rubuta ta. Ka zana tafiyar rance ɗaya daga neman fom zuwa biyan ƙarshe, ka yi alama a duk inda bayani ya fita daga manhaja ya koma takarda ko waya. Ka mayar wa waɗanda ka zauna da su wannan zane su gyara maka, sannan ka jera matsalolin bisa girman asarar da za su iya jawowa. Ƙorafin da aka fi yawan yi ba lallai shi ne mafi haɗari ba.

Mataki na shida: zane

Allon farko ya amsa tambaya ɗaya: me ke jiran hannuna yau? Jami'in haɗari ya buɗe ya ga basukan da suka tsallaka kwana 30 tun jiya, iyakar da aka kusa taɓawa, da takardun da ke jiran sa hannunsa. Jadawalin zagaye mai launi bakwai a bar wa rahoton hukumar gudanarwa.

Lambobi su jeru ta dama, da waƙafi bayan kowace lamba uku, da alamar kuɗin a jiki, domin 5,000,000 da 50,000,000 ba su da nisa a idon da ya gaji. Inda za a fitar da kuɗi, a rubuta adadin da kalmomi a ƙarƙashinsa kamar yadda ake yi a cek. Kowace lamba ta zo da lokacin da aka sabunta ta. In hanyar da ke kawo bayani daga babbar manhajar banki ta yanke tun jiya, allon ya faɗa da manyan baƙaƙe. Gurbin da babu bayani a rubuta babu bayani, kada a sa sifili, domin sifili a gurbin bashi yana nufin ba a bin mutum komai. Haka ma sakamakon hukumomin tarihin bashi irin su CRC, FirstCentral da CreditRegistry: “ba a same shi ba” daban, “ba a samu dubawa ba” daban. Launi kuma kada ya tsaya shi kaɗai, tunda akwai masu wahalar bambance ja da kore, kuma rahoton sau da yawa firinta mai baƙi da fari ce za ta buga shi.

In manhajar tana ba mai neman rance maki, ta faɗi manyan dalilan da suka ja makin sama ko ƙasa, da kalmomin da jami'i zai iya maimaita wa mai shago. Dokar 2023 ɗin nan ta ba mutum damar neman ɗan'adam ya sake duba hukuncin da na'ura kaɗai ta yanke a kansa. Jami'in da bai san dalilin maki ba, ko dai ya bi shi ido rufe, ko ya yi watsi da shi baki ɗaya. A ba shi damar saɓa wa makin, amma ya rubuta dalili, dalilin kuma ya zauna a tarihi da sunansa da lokaci.

Sai gargaɗi, wanda a ganina shi ne wurin da masu zane suka fi cutar da ma'aikata. A watan Mayun 2022 wani dillalin Citigroup a Landan ya yi niyyar sayar da hannayen jari na dala miliyan 58, ya sa lambar a gurbin da ba nata ba, umarnin ya zama na dala biliyan 444. Manhajar ta fito masa da gargaɗi 711 a taga ɗaya, layi 18 kaɗai ake gani sai an ja ƙasa, kuma tana ba da damar a rufe tagar a wuce. Kafin ya soke, an sayar da na kusan dala biliyan 1.4, kasuwannin Turai suka girgiza na ɗan lokaci, hukumomin Birtaniya kuma suka ci bankin tarar sama da fam miliyan 61 a 2024. Darasin da za ka ɗauka zuwa teburinka shi ne ka kasa gargaɗi gida uku. Akwai wanda ke tsayar da aiki cak, babu wucewa sai da izinin na sama. Akwai wanda ke neman a rubuta dalili. Akwai na sanarwa kawai, shi kuma wurinsa gefen allo, ba ya tare hanya. Na gidan farko su zama kaɗan ƙwarai. Kowane gargaɗi ya faɗi adadi, sunan wanda abin ya shafa, da abin da zai faru in an ci gaba. “Ka tabbata?” ba gargaɗi ba ne. Rubuta: naira miliyan 12 za su fita zuwa asusun wane yanzu, kuma ba za a iya dawo da su daga nan ba.

Mai duba na biyu ma yana buƙatar allonsa na kansa. In ka nuna masa fom ɗin da na farko ya cike, zai karanta shi da idon na farko. Ka nuna masa sakamakon: nawa zai fita, daga ina, zuwa ina, da abin da ya bambanta da yadda aka saba. A manyan kuɗi, a sa shi ya buga adadin da hannunsa, manhajar ta gwada da na farko. A nan jinkirin daƙiƙa goma alheri ne, ko da oga ya ce yana son komai da dannawa ɗaya.

Mataki na bakwai: gwaji

Fara da takarda ko samfurin da ka zana a Figma, manhajar zana allo, da bayanan ƙirƙira masu kama da na gaske: sunaye irin namu masu maimaituwa, adadi masu yawan sifili, jeri mai ɗaruruwan layuka. Jakob Nielsen, masanin sauƙin amfani da manhaja, ya daɗe da nuna cewa mutum biyar suna bankaɗo mafi yawan matsalolin amfani, amma biyar ɗin daga rukuni ɗaya yake nufi, saboda haka kashiya ba ta wakiltar odita. Ka ba mutum aiki, ka ce ya riƙa faɗin abin da ke ransa, kai kuma ka yi shiru ko da ka ga ya ɓata hanya.

Ga abin da ya raba gwajin wannan fanni da na sauran manhajoji: ka dasa kuskure da gangan. A cikin takardu goma da za a amince da su, ɗaya ta zo da ƙarin sifili, ɗaya mai tsaya wa mai rancen shi ma ana bin sa bashin da ya wuce wa'adi, ɗaya bayananta na makon jiya ne. Ka ƙirga nawa aka kama. In sabon allo ya fi tsohon sauri amma kamun ya ragu, zanen ya faɗi. Ka gaya wa mahalarta tun farko cewa akwai irin wannan a ciki kuma allon ake aunawa, don kada wani ya ji an yi masa tarko. Tambayoyi goma na SUS, ma'aunin sauƙin amfani da manhaja, wanda John Brooke ya fitar a 1986, suna da amfani wajen kwatanta zagaye da zagaye, kuma maki 68 ake ɗauka matsakaici. Sai dai ma'aikacinmu yana jin nauyin baƙo, zai ba ka maki mai kyau don kara, don haka abin da hannunsa ya yi ya fi abin da bakinsa ya faɗa.

Ka yi gwajin a kwamfutar ofishinsu da sabis ɗinsu. Ka yanke intanet ana tsakiyar cike fom ka ga ko aikin ya ɓace, ka kuma danna tura sau biyu ka ga ko kuɗi za su fita sau biyu.

Mataki na takwas: bayan an fara aiki da ita

A fara da reshe ɗaya, sabuwa da tsohuwar hanya su tafi tare har a rufe wata aƙalla sau ɗaya a gwada lambobinsu. Daga nan ka riƙa duba abu uku a tarihin manhajar. Gargaɗin da kusan kowa ke rufewa cikin daƙiƙa ɗaya, ko a gyara iyakarsa ko a sauke shi zuwa sanarwa, da sa hannun jami'in bin ƙa'ida. Dalilan da ake rubutawa wajen saɓa wa maki, in suka koma “ok” da ɗigo, a koma a zauna da masu rubuta su. Sai allon da aka fi fitar da bayanansa zuwa Excel, wanda ke nuna akwai lissafin da har yanzu ake yi a waje, kuma shi ne aikinka na zagaye na gaba. Tun wajen rubuta kwangila ka sa kuɗi da kwanakin wannan bibiya na rufe wata biyu ko uku, domin in ba a rubuta ba, ranar da aka ƙaddamar za a karɓe katin shigarka ofis.